An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Talabijin ta Dijital da Mutanen Kudancin Kaduna

Daga Agege da Idi-Araba a Ikko, har Sabo ta Badun da Shagamu da Fatakwal, da wuya a sami zangon 'yan Arewa inda ba a taɓa ɗaure akwatin talabijin a kwali, ko ɗan akwatin nan da ake kira dikoda, aka ba direba ya kai gida gab da Sallah ko Kirsimeti ba. Amma wanda gidansu yake Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi, sau da yawa abin da ke biyo bayan godiya shi ne ƙorafi: hoto yana daskarewa, fuskar mai karanta labarai tana tarwatsewa kamar an fasa madubi, ko kuwa allo ya yi baƙi ƙirin. Daga nan sai zargi ya tashi. Mai aikowa ya ce na gida ba su iya haɗawa ba, na gida su ce an cuce shi a kasuwar Alaba, gaba ɗaya kuma su taru a kan mai gyara. Alhali kuwa mai babban laifi yana can zaune a ofis, ba wanda ya ambaci sunansa.

Asalin maganar shi ne, a 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Jeneba, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, cewa za a bar tsohon tsarin watsa talabijin a koma na dijital kafin 17 ga Yuni 2015. Nijeriya, da yake ba ta rasa cika baki, ta ɗiba wa kanta wa'adin 2012. Ya wuce. Na 2015 ya wuce. Na 2017 ma ya bi sahu. Sai ranar 30 ga Afrilu 2016 aka buɗe na gwaji a Jos da sunan FreeTV, Abuja ta biyo a Disamban wannan shekara, Kaduna a Disamban 2017, Ikko da Kano kuwa sai 2021. Duk inda aka je Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, da shugabannin hukumar NBC sukan yi jawabi, a tafa, a ɗauki hoto, a rubuta sunan jiha a jerin waɗanda suka haye.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da aka kunna a 2017 hasumiya ce a garin Kaduna, amma abin da aka rubuta a takarda Jihar Kaduna ce. Garin Kaduna kuwa ba shi ne jihar ba, ko da yake masu mulki sun daɗe suna mance haka. Zangon da ake watsa talabijin ta dijital a kansa, wato UHF, ba ya tsallake lanƙwasar doron ƙasa kamar gajeren zangon rediyo da ke kawo muryar Landan har cikin rugar Fulani. Miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Hasumiya mai tsawon mita 150, idan eriyar gida tana kan sanda mai mita 10, iyakar inda za su ga juna a fili mai shimfiɗa bai wuce kilomita 60 zuwa 70 ba. Tsakanin Kaduna da Kafanchan kuwa akwai kimanin kilomita 140, a miƙe ke nan, ban da kwane-kwanen hanyar Kachia. Jos ta fi kusa, gaskiya ne, amma tana can bisa tsauni, Kafanchan tana gindinsa, ga duwatsun Kagoro sun tokare gabas. Wannan lissafi ba sirri ba ne. Kowane injiniya da ya ci albashin gwamnati a kan wannan aiki ya san shi.

Abin da ya ƙara rikita jama'a shi ne halin sabon tsarin ya saɓa da na tsoho. A da, idan tasha ta yi nisa, hoto yakan zo da yayyafi da shuuu, amma dai a ga mutum, a ji abin da yake faɗi, a kalli ƙwallo ko da ba a rarrabe rigunan 'yan wasa. Talaka ya saba da wannan rabin hoto, ya kuwa gode. Dijital ba ta san rabi ba. Muddin saƙon ya kai wani mizani, hoto zai fito tangaran. Ya gaza da ƙiris, sai ya ɗauke ɗungum. Saboda haka gidan da ya shekara ashirin yana kallo da yayyafi yana iya sayen sabon akwati ya koma ba ya ganin kome, ba don akwatin ya lalace ba.

Ba a ce babu matsalar da ke cikin gida ba. Akwai, kuma kafin a sake aika ko kwabo ya kamata a sa wani yaro mai natsuwa ya bincika. Kowane dikoda yana da shafi mai nuna ma'auni biyu, ƙarfin saƙo da ingancinsa, kuma na biyun shi ne abin lura. Idan inganci yana hawa yana sauka, akwai bege: a ɗaga eriya sama da rufin kwano, a juya ta sannu sannu ana kallon ma'aunin, a tsaya inda ya fi cika, sannan a sa akwatin ya sake neman tashoshi daga farko. A duba waya, domin damina a wannan yanki ba ta wasa. Ruwa yakan shiga ta bakin wayar da ke jikin eriya, tsatsa ta ci mahaɗin, hoto ya riƙa ɗaukewa duk sa'ad da hadari ya haɗo. Waya guda mai kyau ta fi guntaye uku da aka ɗaure da leda. A lura da wuta kuma, don ƙarancinta ko wasan janareta yakan sa akwati ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa. A kuma sani cewa akwatin FreeTV daban, na StarTimes daban, na GOtv daban. Na wannan ba ya buɗe tashoshin wancan, talabijin da aka yi domin Amurka kuwa ba ta kama tsarin DVB-T2 da Nijeriya ta zaɓa.

Amma idan an yi duk wannan ma'aunin inganci bai motsa daga sifiri ba, to a tsaya. A daidai nan ne 'yan kasuwa ke shigowa da busta, suna rantsuwa cewa za ta jawo tasha ko daga ina. Busta ba ta haifar da abin da babu. Aikinta ta ƙara wa abin da eriya ta kamo ƙarfi, in hayaniya ta kamo, hayaniyar za ta ƙara. Mutumin da ya wuni yana gadi a Apapa ko yana dako a kasuwar Mile 12, ya tsimi kuɗinsa ya sayi busta ta biyu da ta uku, harajin sakacin wasu yake biya. Inda hasumiya ba ta kai ba, farantin tauraron ɗan'adam ne kaɗai mafita, shi kuwa da kuɗin saye da na ɗaurawa ba kowane gida ke iyawa ba.

Wani zai ce wannan duk maganar nishaɗi ce, mutanen da ke fama da rashin tsaro da tsadar taki ina ruwansu da hoto. Wannan magana ce ta wanda talabijin ɗinsa ke aiki. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, ta rediyo da talabijin aka koma koyar da yara; ɗan da gidansu ba ya kama tasha, darasin ya wuce shi. Lokacin zaɓe ma haka, sanarwar hukuma ma haka. Yankin da ya sha wahalar jita-jita fiye da kowane a jihar, shi ne ya fi bukatar labari mai tushe, wanda Bajju da Atyap da Ham da Bahaushe da Bafulatani za su gani tare a lokaci guda. Kafanchan ba ƙauye ba ce. Tun 1927 take mahaɗar jiragen ƙasa, kuma Turawan da suka shimfiɗa dogo ba su ce tunda ya isa Kaduna ya isa ko'ina ba.

A 2025 hukumar NBC da kamfanin NIGCOMSAT suka ba da sanarwar sabon shiri wanda zai dogara ga tauraron ɗan'adam. Madalla, in har za a faɗa wa wanda ya riga ya sayi akwatin eriya makomar kuɗinsa. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ke taro kowane wata a Ikko da Badun, waɗanda ba sa gajiya da tara kuɗin rijiya da rufin makaranta, suna da bakin da za su rubuta wa hukumar da wakilan yankin a Majalisar Tarayya su nemi abu biyu a rubuce: taswirar da ke nuna ƙaramar hukumar da kowace hasumiya take kaiwa da wadda ba ta kaiwa, cikin Hausa da Turanci, a manna a shagunan masu sayarwa, da kuma ranar da Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba za su shiga cikin taswirar. Kafin amsa ta zo, duk mai niyyar aika dikoda gida ya fara tambaya ko akwai maƙwabci a unguwar da irin wannan akwati yake yi masa aiki da eriya. In babu, ya riƙe kuɗinsa.