FILIN MASU MOTA: A San Ciwo Kafin A Nufi Apo

Duk wanda ya bi ta Apo da safiyar Litinin, a nan kudu da tsakiyar birnin Abuja, zai ga abin da ya isa a tsaya a yi tunani a kansa. Motoci ne ke kwararowa unguwar makanikai ta kowace kusurwa, wata da ƙafarta tana tari, wata an ɗaura mata igiya ana ja, wata kuwa a bayan janwe. Tun mota ba ta gama tsayawa ba samari sun kewaye ta, kowa yana cewa shi ya san wanda zai iya da ita. Idan aka tambayi mai motar abin da ke damunta, amsarsa ba ta wuce ɗaya cikin uku: ta ƙi tashi, ko tana zafi, ko kuwa wata fitila ta kama. Daga nan sai ya miƙa makulli, ya sami benci a inuwa ya zauna, sai abin da aka gaya masa.

A kan wannan benci asara take farawa. A Apo akwai gwanaye waɗanda suka yi shekara da shekaru a kan sana'ar, masu gane ciwon inji da jin ƙararsa kawai, akwai kuma waɗanda jiya-jiya suka bar hannun maigidansu. Mutumin da bai san kome game da ciwon motarsa ba, ba shi da hanyar rarrabe wannan da wancan. Idan ya faɗa hannun mai lalube, sai a ce a sake fulogi, in ba ta yi ba a sake famfon mai, in ba ta yi ba a sake nozul, har a kai ga ƙwaƙwalwar motar, alhali kuwa wata ƙila kan batir ne ya yi sako-sako.

A da ana iya jure irin wannan lalube, amma yanzu aljihu ba zai ɗauka ba. Tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kana a watan Oktoba na 2024 ta wuce Naira 1,000 a Abuja. Haka kuma Dalar Amurka, wadda hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023, ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Tun da yake galibin kayan gyaran da ke jibge a rumfunan Apo daga ƙasashen waje ake shigo da su, sababbi da na Beljiyam duka, kowane kuskure na bakanike da Dala mai mota ke biyansa.

Su ma motocin sun sake. Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 mota ce ta kafireto, wadda direba mai hankali kan lallaɓa a bakin hanya da sifana da filaya. Toyota da Honda da suka cika titunan Abuja a yau kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai da iska. Wannan ya sa mutane da yawa suka sallama, suna ganin ba su da ta cewa. To, amma fa yawancin abubuwan da ke tsayar da mota har gobe ƙanana ne, kuma ƙa'idar gano su ɗaya ce: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, sa'an nan a matsa zuwa mai tsada.

IDAN TA ƘI TASHI

Abu na farko shi ne mai mota ya kasa kunne lokacin da ya murɗa makulli. Idan ya ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suna dusashewa, inji bai juya ba, to maganar wuta ce. Sai ya buɗe bonet ya kama kawunan batir ya girgiza. In suna motsi, ko farin gari ya taru a kansu, sai a kwance su, a fara da na ɓangaren da ke da alamar ragi, a wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshi, a goge da samfefa, a mayar a ɗaure tam, na ragin a ƙarshe. Wanda ya mallaki 'yar mitar awon wuta, wadda kuɗinta bai kai na batir ko kusa ba, ya huta da gardama. Batir mai cikakken caji yakan nuna wajen 12.6 in mota tana kashe. In an tayar da inji ya kamata awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, altaneta ce ba ta caji, ko belinta ya saki, saboda haka sayen sabon batir zubar da kuɗi ne, domin shi ma kwana kaɗan zai yi ya mutu.

Idan kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, batir ba shi da laifi. A nan sai a murɗa makulli rabi, a yi shiru. A yawancin motoci za a ji famfon mai ya yi ɗan gunji daga wajen tanki na kamar daƙiƙa biyu. In ba a ji ba, kafin a yarda a sauke tanki sai a duba akwatin fiyus, wanda ke da taswira a bayan murfinsa. Fiyus ɗin da ya ƙone ana ganin tsinkewarsa da ido. Sharaɗi dai shi ne a sa mai lamba daidai da wanda aka cire. Ɗaura zaren waya a madadinsa, kamar yadda waɗansu ke yi, kiran gobara ne.

IDAN TANA ZAFI

A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Abuja kan kusanci digiri 40, ga kuma cunkoson hanyar Nyanya da Mararaba, allurar zafi takan hau. Da zarar ta doshi ja, sai a gangara gefe a kashe inji. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gida yakan ƙarasa da ƙonannen gaskit. Kada kuma a taɓa murfin lagireto sai bayan rabin sa'a ko fiye, domin ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yakan wuce na tafasa, kuma ya sha saɓule wa mutane fatar fuska da hannu.

Bayan ya huce, sai a duba ko ruwa ya ragu, a bi tiyo-tiyo ana neman inda ke yoyo, a duba robar murfin ko ta tsage, sa'an nan a tayar da inji a ga ko fanka tana tashi in ya ɗau zafi. Sau da yawa a cikin waɗannan huɗu ciwon yake. Amma idan aka zaro sandar awon baƙin mai aka ga ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai kauri yana ta fita ta salansa bayan inji ya yi ɗumi, to ruwa ya shiga inda bai kamata ba, aiki ya zama na gwani.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojin ƙasar nan, watau cire 'yar na'urar nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. Masu ƙera mota sun tsara inji ya yi aiki a wajen digiri 90. In an cire ta inji yakan daɗe bai kai nan ba, ita kuwa kwamfuta sai ta yi ta ƙara masa mai. Mai mota yana murna allura ta sauka, bai san a gidan mai yake biyan kuɗin ba.

IDAN FITILA TA KAMA

Fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ita ce ta fi tayar wa mutane hankali, alhali ita ce ta fi sauƙin bincike. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin da ake kira OBD-II, ƙasashen Turai kuma suka bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur. Saboda haka kusan duk motar da aka sauke a Legas ko Kwatano tana da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana sayar da ɗan abin da ake cusawa a nan, ya aika wa wayar hannu lambar ciwon.

Misali, P0300 tana nufin wuta tana tsallake a inji. P0302 kuwa ta nuna silinda ta biyu ce. A irin wannan hali, a motar da kowane fulogi ke da koyil nasa, sai a musanya koyil na biyu da na uku, a goge lambar, a ɗan zaga. In lambar ta koma P0303, an kama ɓarawo: koyil guda za a saya maimakon huɗu. P0171 tana cewa iska ta rinjayi mai, abin da tsagaggen tiyo ko datti a na'urar awon iska kan jawo. Ko murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba yana kunna wannan fitila.

Sai dai lamba ishara ce kurum, tana nuna unguwar da ciwo yake, ba lallai ta nuna gidan ba. P0420 takan sa a ce wa mutum tukunyar tace hayaƙi, wadda ake wa laƙabi da indomi, ta mutu, a cire masa. Ya kamata ya san cewa a cikin tukunyar nan akwai ƙarafa masu daraja, tana da kasuwa ko ta mutu, don haka in ta kama a cire, kayansa ce. Ya kuma tuna da inda ya sha mai na ƙarshe. A watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci da dama suka lalace a Legas da Abuja ba da laifin wani ƙarfe nasu ba. Fitila biyu ne ba a yi musu jinkiri: ta inji idan tana ƙiftawa, da jar nan mai siffar buta, ta baƙin mai. Wannan ta biyu in ta kama ana tafiya, a tsaya nan take.

ABIN DA BA YA BUKATAR BAKANIKE

Minti goma na safiyar Asabar sun isa a duba baƙin mai da ruwa da man birki. Lambar man da ya dace tana cikin littafin motar, wani lokaci a kan murfin zuba man. Injin da aka ce a ba shi 5W-30 ko 0W-20 ba ya son mai kauri irin 20W-50 na zamanin 504. Matatar iska kuwa, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, da hannu ake buɗe akwatinta. Awon iskar taya yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35, kuma shi ya kamata a gaya wa mai faci, kada a bar shi ya auna da bugun ƙafa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2319, alal misali, tana nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, musamman na gwanjo.

INDA ZA A TSAYA

Duk da haka, kada garin gyaran gira a rasa ido. Birki da sitiyari da jakar iska da cikin giya da belin taimin ba wurin koyo ba ne, haka nan wayoyin nan masu launin lemo na motoci masu haɗin batir da fetur, domin wutarsu tana kisa. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kuɗin da aka tsimi a nan, a asibiti ake kashe shi, in ma an yi sa'a.

Idan tafiya Apo ta kama, sai a tafi da bayani a hannu: yaushe abin ya fara, da sanyin safiya ko bayan an yi tafiya, wace ƙara ake ji, wace lamba na'ura ta nuna. A nemi bakanike ya nuna shaidar mutuwar abu kafin a saya. A yi cinikin kuɗin aiki dabam, na kaya dabam. A tambayi mai rumfa ko kayan sabo ne na asali, ko na Beljiyam, ko kwaikwayo, a kuma daidaita a kan mayarwa in bai yi ba. Tsohon da aka cire a sa shi a but. Kana a ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta ranar kowane gyara da awon tafiyar da aka yi shi.

Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin mai mota da ya zo da irin wannan shiri, don ya rage masa wahalar lalube, ya kuma tsare masa suna. Wanda ya ɓata rai saboda an ce ya nuna shaida, ya riga ya ba da amsa, kuma Apo da faɗi take. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.