Digirin Digirgir Daban, Iya Koyarwa Daban

Muna son mu taɓo wani lamari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ake karantar da 'ya'yanmu a jami'o'in ƙasar nan.

Mu da ke zaune a masallatai da kwamitocin islamiyyu, mu ne muke tarbar abin da jami'a ta yaye. Sau da yawa matashi zai zo neman koyarwa da shaidar digiri a fannin addinin Musulunci, mu miƙa masa Risala ya karanta shafi guda, sai harshe ya sarƙe. Mu ce to ya fahimtar da yara bambancin farilla da sunna a alwala, sai ya zubo ma'anar da ya haddace, yaran na kallonsa. Da fari mukan ɗora laifin a kan lalacinsa. Amma idan aka tambaye shi yadda ya yi shekara huɗu, labarin kusan ɗaya ne: malami ya shigo da tsohon littafin rubutunsa, ya yi shifta, ɗalibai ɗaruruwa su rubuta, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa.

Abin mamaki, wanda zai koyar da ɗan aji ɗaya a firamare sai ya mallaki shaidar NCE, kuma ana neman ya yi rajista da hukumar TRCN wadda aka kafa a 1993. Wanda kuwa zai tsaya gaban manyan gobe a jami'a, digirinsa kawai ake dubawa. Ba a tambayarsa ko an taɓa koya masa tsara darasi, ko jefa tambaya, ko gane cewa aji ya ɓace masa. In lokacin ƙarin girma ya zo, maƙalun da ya wallafa ake ƙirgawa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin malamai su ƙaro digiri na biyu da na uku, su kuma halarci tarukan ilimi. Wannan alheri ne, sai dai yana ƙara wa malami abin da ya sani ne, bai taɓa yadda zai isar da shi ba.

Magabatanmu ba su ɗauki koyarwa abin da ke zuwa da kansa ba. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya keɓe littafi a kan ladubban masu koyarwa. Badruddin Ibnu Jama'a (ya rasu 733) ya yi bayanin yadda malami zai zauna, da gwargwadon ɗaga muryarsa, da gwada fahimtar ɗalibai bayan darasi. Ibnu Khaldun (ya rasu 808) shi ya fi ba mu mamaki, don kamar ya leƙo zaurukan lakcarmu. A Muƙaddimarsa ya nuna cewa ana bi da ɗalibi cikin fanni sau uku: da fari a ba shi tushen mas'aloli a dunƙule, sannan a dawo da sharhi da saɓanin malamai, daga ƙarshe a warware duk wani ƙulli. Ya soki yawan dogaro da taƙaitattun littattafai, ya kuma koka da ɗaliban da ke shafe shekaru a majalisin ilimi shiru, sun dage da hadda, ba sa tattaunawa balle muhawara. Wanda ya san hendawut ɗin da ake sayar wa ɗalibai ya san abin da Shehin ke nufi.

Tushen duk wannan yana wurin Manzon Allah (SAW). Ya tabbata cewa yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, yakan jefa wa sahabbai tambaya kafin ya ba da amsa, har zane ya taɓa yi don ya kwatanta ɗan'adam da ajalinsa da burinsa. Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana cikin salla bisa rashin sani, ya shaida cewa bai taɓa ganin mai kyawun koyarwa kamarsa ba, domin bai daka masa tsawa ba. Abdullahi ɗan Mas'ud kuma ranar Alhamis kaɗai yake wa'azi, gudun kada ya ƙosar da mutane. (Mu masu hawa mumbari ma wannan bulalar ba ta tsallake mu ba.)

Mun san za a ce malamin jami'a na fama da ƙarancin albashi da cunkoson aji, ga yajin aikin 2022 da ya ci wata takwas. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne a biya su. Amma mai ɗalibai ɗari biyar ya fi mai talatin buƙatar dabara. Wani cikas ɗin kuma girman kai ne, a ce wa zai koya wa farfesa koyarwa? Alhali neman sanin abin da aikin mutum ba ya kyautatuwa sai da shi, wajibi ne a kansa.

Horon da muke nufi ba taron bitar kwana uku ba ne a otal, a raba jaka da alawus a watse. A Ingila, tun bayan rahoton Dearing na 1997, jami'o'i da dama suna sa sabon malami ya yi kwas ɗin koyarwa yana cikin aiki, abokin aikinsa ya zauna a ajinsa ya saurara, su tattauna bayan an tashi. Mu nan tsangayar ilimi tana cikin harabar jami'a ɗaya da sauran sassa, ba sai an sayi tikitin jirgi ba. Hukumar NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS a ƙarshen 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Idan aka damƙa sabuwar manhaja ga tsohuwar shifta, bango kawai aka sauya. Kuma muddin ingancin koyarwa bai samu maki a takardar ƙarin girma ba, kaɗan ne za su ba shi lokacinsu.

Sassan Larabci da nazarin addinin Musulunci su ya kamata su ja gaba, domin suna da gado a hannu. A karatun zaure almajiri ne ke jan baƙi, malam na saurare yana gyara yana fassara, ba a ƙara masa sai ya biya na jiya. Babu abin da zai hana a raba babban aji ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin ɗaliban digiri na biyu da aka horar, ta yadda ba za a yaye kowa ba sai an ji shi ya karanta shafin Larabci marar wasali, ya kuma bayyana shi da Hausa a gaban 'yan'uwansa.