WA ZAI SAUƘAƘA WA ƊAN JAGORA?

Jama'a, ba wanda bai san ɗan jagora ba, yaron nan mai riƙe wa ubansa makaho sanda a kasuwa. To, yau ɗan jagora ya ci jarrabawa ya shiga jami'a, amma sandar tana hannunsa. Haka ita ma yarinyar da uwarta ke kwance da shanyewar ɓarin jiki. Sai ta yi mata wanka, ta dama mata koko, sannan ta kama hanyar makaranta.

A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, a 2020 aka kafa musu hukuma. Madalla! Amma mai ɗaga gurgu da mai kai shi asibiti fa, wa ya tuna da su?

A jami'o'inmu da yawa, sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Mai hali ya ɗauko ma'aikaciyar jinya, ɗansa ya tafi aji. Ɗan mai tebur kuwa ya kwana a asibiti, gari ya waye a ce masa malalaci. Shin wannan adalci ne? Bashin karatu da aka fara bayarwa a 2024, mai ɗauke da Naira 20,000 a wata, bashi ne, kuma ba ya mayar da darasin da ya wuce.

A Ingila, tun 2023 takardar neman shiga jami'a tana tambayar ɗalibi ko yana jinyar wani a gida, don makaranta ta san da shi tun farko. Tambaya ce kawai, ba ta cin ko kwabo.

Mu ba sadaka muke roƙo ba. Abu uku muke nema. A rubuta sunayen masu jinya ranar rajista. A karɓi takardar likita a matsayin uzuri, a sake musu ranar jarrabawa. Wanda jinya ta yi wa nauyi a bar shi ya dakata shekara guda, gurbinsa yana jiransa.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, harajinmu ke riƙe da makarantun nan, 'ya'yanmu ne kuma ke zubewa. Mu sa shugabannin ƙungiyoyinmu su rubuta wa hukumomin jami'a, mu tsare wakilanmu na majalisa da wannan magana har sai sun amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka!