Kira ga Jama'ar Karaye da Rogo: Mu Kare Gadon Kakanni da Doka



Wanda duk ya haura shekara hamsin a ƙasar nan, daga Yammedi zuwa Zarewa, daga Turawa zuwa Fulatan, zai iya nuna muku inda da can akwai burtali, yau ya zama gonar masara. Zai nuna muku tsohuwar maƙabarta da aka ci gefenta da garma, da kukar da fatake da matafiya ke yada zango a gindinta, yau ta ƙare a buhun gawayi. Ba dare ɗaya aka yi mana wannan ɓarna ba. Kunya-kunya aka riƙa ci, muna kallo.

Dalili ɗaya ne: waɗannan wurare a bakin dattawa kawai suke, ba sa cikin takarda. Ranar da dattijon da ya san iyaka ya rasu, ranar iyakar ke bin sa kabari.

Alhali doka tana nan. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe wuraren kiwo. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara. Dokar 1979 da ta kafa hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ta ba da hanyar ayyana wuri a matsayin abin tarihi. Ta hanyar doka Yarabawa suka tsare kurmin Oshun na Oshogbo, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2005.

Kada wani ya ce tsare dutse ko tsohuwar bishiya komawa tsafi ne. Kanawa ba sa bautar Dutsen Dala, amma wa zai yarda a fasa shi a sayar da tsakuwa? Sai dai mu dubi ganuwar Kano: tana da kariyar doka, duk da haka an yanka ta filoti-filoti, domin an bar doka ba mai tsaro. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka, masu unguwanni da dagatai, ku tara dattawa da arɗo-arɗo, ku taka kowace iyaka da ƙafa: burtali, mashaya, filin idi, maƙabarta, kufai da bakin Dam ɗin Challawa da na Kusalla. Matasa, ku riƙe biro da waya, ku rubuta, ku ɗauki hoto. A miƙa wa hakimai, su kai gaban Mai Martaba Sarkin Karaye. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu su auna, su kafa siminti, su fitar da takarda. Wakilanmu a Majalisar Dokokin Jihar Kano su kai ƙudurin da zai hukunta mai saye da mai sayar da waɗannan wurare.

Mu fara kafin damina ta faɗi, tun dattawan da suka san iyaka suna raye.