Wa Ya Aike Ka Kawo Teku Tamanrasset?

Kwanakin baya wani abokin kasuwancina ya kira ni gidansa, nan cikin Tamanrasset, wai in zo in ga abin da ban taɓa gani ba. Ba zan kama sunansa ba, don har gobe kwano ɗaya muke ci. Na shiga falo na tarar da akwatin gilashi mai cin ruwa kamar lita ɗari biyu, shuɗiyar fitila na haska shi. A kan wani dutse da ke tsakiya ga wani abu kamar fure mai yatsu barkatai yana rausaya, wasu 'yan kifaye biyu masu ruwan lemo da farin ratsi suna shige da fice a cikinsa. Ya ce daga Aljiyas aka sako masa a jirgi, sunansa anemoni, wasu na ce masa furen teku. Na tambaye shi yaushe ya zuba ruwan. Ya ce kwana tara ke nan.

Bayan mako uku na koma. Tun daga ƙofa wari ya tarbe ni. Furen ya narke ya zama kamar majina, ruwan ya yi fari, kifayen biyu sun bi shi. Na yi masa jaje, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, zan sa a kawo wani." Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kwana bai ƙare ba, Alhaji, da hannunka ka kashe shi.

Sunan fure ya yaudari mutane da yawa. Anemoni dabba ne, dangin murjani, mai ci, mai motsi, mai harbi. A jikin yatsun nan nasa akwai ƙananan ƙwayoyin dafi da yake kama abinci da su. Ƙofa ɗaya gare shi a tsakiya, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma ragowarsa ke fita. A cikin namansa wata irin gansakuka ce da ido ba ya gani take zaune, tana sarrafa haske ta zama abinci, shi kuma yana ci daga abin da ta samar. Idan haske ya gaza ko ruwa ya yi zafi, gansakukar ta fita, jikinsa ya yi fari fat. Mai sayarwa zai ce maka farin ya fi kyau, alhali dabba ce da yunwa ke ci ya miƙo maka. A teku irinsa kan yi shekaru gommai a raye. A falon Alhaji wata ɗaya ma bai cika ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabon akwati mataccen ruwa ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin guba mai suna amoniya, kuma ƙwayoyin halittar da ke cinye ta sai sun ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a cikin dutse da yashi. Wannan na kifi ne kawai. Masu kiwon da suka san abin da suke yi ba sa saka anemoni sai akwati ya yi wata shida, wasu ma sai shekara. Yana son gishiri gram 35 a kowace lita, kamar yadda teku take, da ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, dare da rana, rani da hunturu. Idan wuri bai yi masa ba sai ya saki dutse ya kama yawo, sau da yawa ya faɗa bakin injin da ke juya ruwa ya daddatse shi. In kuwa ya mutu, gawarsa na iya lalata ruwan gaba ɗaya cikin dare guda.

Yanzu mai karatu, ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan garinmu. Tamanrasset na zaune sama da mita 1,300 a gindin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 daga bakin Bahar Rum ta hanyar mota. Da rani zafi kan kai digiri 35, da hunturu kuwa sanyin dare sai bargo biyu. Iskarmu busasshiya ce, tana shanye ruwan akwati kullum ta bar gishirin a ciki, don haka wanda ya yi tafiyar kwana biyar zuwa In Guezzam zai dawo ya tarar ruwansa ya yi ɗaci. Wanda bai sani ba sai ya cike gurbin da ruwan gishiri, ya ƙara wa Borno dawaki. Tataccen ruwa marar gishiri ake cikewa da shi. Ga ƙura mai shiga ko'ina. Ga wuta, wadda in ta ɗauke na 'yan sa'o'i injin ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa ta ƙare.

Sai batun ruwan kansa, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya zauna garin nan kafin shekarar 2011 ya san jiran tankar ruwa da jarka a hannu. A shekarar ce aka buɗe bututun da ke jawo ruwa daga In Salah, tafiyar kilomita 750 a cikin hamada. Ruwan famfon nan ba ya yi wa anemoni, sai an bi da shi ta na'urar tacewa, kuma irin ta gida kan zubar da lita uku ko fiye kafin ta ba ka lita ɗaya. Ruwan da ya keto Sahara don mu sha, shi muke kwararwa a makwarara don baƙo ya shigo falo ya ce masha Allah.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, "Kuɗina ne." Gaskiya ne, kuɗinka ne, amma ran ba naka ba ne. Tun muna allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Malamai ba su hana tsare dabba ba, sharaɗin shi ne ka ba ta haƙƙinta. Haƙƙin raƙumi ciyawa da ruwa, haƙƙin anemoni haske da gishiri da ɗumi daidai gwargwado. Rashin kukansa ba ya sauke maka nauyi.

Na biyu, "Ai a Dubai ma ana yi, nan ma hamada ce." Dubai a bakin teku take, kuma manyan akwatunan can ma'aikata gare su masu awon ruwa safe da yamma. Kai wa ka ɗauka? Yaron shago da ka ce ya riƙa watsa musu abinci?

Na uku, "Hassada ce." To, a ce hassada ce. Hassadata ba ta kashe kifi ko ɗaya ba. Kuma ɓarnar ba a falonka ta tsaya ba. Yawancin waɗannan dabbobi daga teku ake ɓamɓaro su, a ƙasashe irin su Indunusiya da Filifin. Cikin nau'o'in anemoni sama da dubu, kusan goma ne kaɗai kifin nan mai ratsi, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta san shi, ke iya zama a cikinsu, kuma a teku ba ya rayuwa sai da su. Duk wanda ka ce "a kawo wani", gidan wasu kifaye aka rushe.

Ban ce sha'awar haramun ce ba. Wanda zuciyarsa ta kafe, ga hanya. Ya fara da kifi da dutse kawai, ya yi wata shida yana awon gishiri da amoniya yana rubutawa. Ya tanadi batir ko sola da za su riƙe injin, da abin ɗumama ruwa da abin sanyaya shi, ya rufe bakin injin da raga. Sannan ya nemi nau'in da ke da kumburi a kan yatsu, wanda ke rabewa biyu da kansa a akwatunan masu kiwo, don kada a taɓa na teku. Ran da ya iso, ya riƙa ɗiga masa ruwan akwati kaɗan-kaɗan kafin ya saka shi, ya bar shi ya zaɓi mazauninsa, kada ya ɓamɓare shi da ƙarfi. Ɗan guntun jatan lande sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe shi. Kada maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe ya kusanci ruwan. Wanda ya ji lissafin nan ya yi masa yawa, ya riga ya samu amsarsa.

Shi kuwa Alhaji, na ba shi shawara ya kwashi yara ranar Juma'a su hau hanyar Assekrem zuwa tafkunan Afilal. A can, cikin duwatsun Ahaggar, akwai ruwa mai kwana shekara, da 'yan kifayen da Allah ya ajiye tun zamanin da Sahara ke da koguna, babu fitila babu inji. Ya ce zai duba. Akwatin dai har yanzu yana falo, babu komai ciki sai dutse, kuma na roƙe shi ya bar shi haka har wata shida. Allah ya sa ya ji.