Yaranmu sun haddace kiɗan gem, amma wa ya san maƙerinsa?

Ranar wata Asabar ina zaune a majalisar ataya a Aboabo, sai ɗan ƙanwata ya wuce yana fito da baki. Tun kafin ya kai ƙarshe, mu uku da muka haura shekara arba'in muka kama masa, don kiɗan Super Mario ne. Yaron ya tsaya ya ce, "Kawu, wai wa ya yi wannan kiɗan?" Muka yi ta kallon juna. Shekara nawa muna jin abin nan, amma ba wanda ya taɓa tambaya.

Ba laifinmu ba ne kaɗai. Gem ɗin da ya iso Zango a zamaninmu yawanci na kwafi ne: kaset mai alƙawarin wasanni dubu a ciki, daga baya kuma faifan PlayStation da aka ƙona. Babu takarda, babu sunan kamfani na gaskiya, wani lokaci ma an goge na asalin. A gidajen gem na Aboabo, Sawaba da Asawase kuwa, lokaci kake saye. Wa zai ɓata kuɗinsa yana kallon sunaye suna hawa a ƙarshen wasa alhali wani na jiran layi?

To na je na bincika, kuma ra'ayina shi ne wannan bincike ya cancanci wahalarsa. Koji Kondo, ɗan Japan ma'aikacin Nintendo, shi ya tsara kiɗan Mario a 1985, da na'urar da muryoyinta ba su wuce biyar ba. A 2023 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka shi cikin sautukan da ake adanawa a matsayin kayan tarihi, karo na farko da kiɗan gem ya samu wannan matsayi. Kiɗan Street Fighter II na 1991, wanda muka yi ta dambe a kansa, mace ce ta yi mafi yawansa, Yoko Shimomura. Amma a cikin wasan da laƙabi aka rubuta ta, don a lokacin kamfanonin Japan kan ɓoye sunayen ma'aikatansu kada abokan hamayya su sace su. Shi kuma kiɗan Tetris, asalinsa tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha.

Abin da ya fi taɓa ni na gida ne. Rocky Dawuni, mawaƙin Ghana, waƙoƙinsa sun shiga FIFA 08 da FIFA 10. Samarinmu nawa suka zaɓi Chelsea don Michael Essien, waƙar ɗan ƙasarsu na tashi a talabijin ba su sani ba? Haka kuma Eyram Tawia, wanda ya kafa kamfanin gem na Leti Arts a 2009 tare da Wesley Kirinya na Kenya, a jami'ar KNUST ya yi karatu, nan Kumasi. Daga Asokore Mampong tafiyar trotro ce.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: gem shiririta ce, tana cinye lokacin makaranta da na makaranta allo, wasu gidajen ma sun zama ƙofar caca. Ban musa ba, na gani da idona. Sai dai hani kaɗai bai raba yaro da gem ba tun zamaninmu, balle yanzu da yake cikin waya. Yaron da ya san cewa mutum ne ya zauna ya tsara kiɗan, wani ya zana hoton, wani ya rubuta manhajar, kuma an biya su, ya fara ganin sana'a a inda da yake ganin wasa kawai.

Neman bayanin ba wuya yanzu. Ka bari sunayen ƙarshen wasa su gama hawa, ka ɗauki hoto. Shafin MobyGames na tara sunayen waɗanda suka yi kowane gem, VGMdb kuma na kiɗa ne. In waƙa ce da murya, Shazam zai kamo ta. In a ka kawai ta maƙale, tun 2020 Google na bari ka rera masa ya nemo. Amma kar ka yarda da sunan da wani ya liƙa a YouTube ko TikTok sai ka gwada da wuri na biyu. Can ma ana cinikin ƙarya.

Akwai kuma gaggawa. Wani bincike na gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka a 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Waƙoƙi ma kan ɓace: a 2018 an cire wasu daga GTA IV saboda lasisinsu ya ƙare. In masu abin na rasa nasu, ina ga mu?

Don tarihin Mario akwai masu rubuta shi. Wanda ba mai rubutawa shi ne namu: wa ya fara buɗe gidan gem a unguwarku, da wace na'ura, wane suna muka raɗa wa kowane wasa, yaya aka yi lokacin dumsor. Wannan ba ya cikin intanet, yana bakin mutanen da yau suka fara furfura. Matasanmu masu waya su je su ɗauki muryoyinsu, su rubuta da Hausa, su sa a Wikipedia ta Hausa abin da ke da hujja. Haka nan mu tambayi wanda ya buga piyano a waƙoƙin Hausa da muke ji a biki, don shi ma sau da yawa sunansa ba ya fitowa.

Ɗan ƙanwata dai na ba shi amsarsa. Ya yi shiru, sai ya ce, "Kawu, to a ina ake koyon irin wannan?" Wannan tambayar nake so in ji a bakin yaran Zango da yawa, kuma ya kamata ta same mu da amsa.