ZANCEN SILIMA: Mai Tabo ya raba kan masu kallo

Zancenmu na wannan wata a kan wani fim ne na ƙasar Amurka wanda ya fito a watan Disamba na 1983. Sunansa Scarface, wato Mai Tabo a Fuska. Shekara fiye da 40 ke nan da fitowarsa, amma har yanzu ba a gama gardama a kansa ba. Waɗansu sun ce wa'azi ne. Waɗansu sun ce makarantar koyon ta'asa ce. Da ya ke irin waɗannan finafinai sun shigo har ƙauyukanmu, yara na kallonsu a salula da gidajen bidiyo, ya kamata mu san abin da kowane ɓangare ya dogara a kai.

Ga yadda labarin ya ke. A 1980 gwamnatin Fidel Kastro ta buɗe tashar jiragen ruwa ta Mariyel, ta ce mai son barin Kuba ya tafi. Cikin wata shida mutum wajen dubu 125 suka ƙetara teku zuwa Fulorida. Wannan ya faru da gaske. A kansa ne masu fim suka ɗora labarin ƙage na wani mutum, Toni Montana, wanda Al Pacino ya fito a matsayinsa. Toni ya sauka Amurka ba shi da ko tamma. Ya kashe mutum don a ba shi takardar zama. Ya yi wankin kwanoni a birnin Mayami, ya ga ba ta fisshe shi, sai ya shiga fataucin hodar ibilis. Ya sa aka kashe maigidansa, ya aure matar da maigidan ke zaune da ita, ya gaje kasuwar. Kuɗi suka zo har ana kai su banki cikin buhuna.

Amma da ya kai wa mahaifiyarsa kuɗi, ta ƙi karɓa, ta kore shi daga gidanta. Shi kansa ya faɗa shan abin da ya ke sayarwa. Matarsa ta bar shi. Ya harbe amininsa da hannunsa, bai san aminin ya riga ya auri ƙanwarsa ba. Ƙanwar ta mutu a gabansa. Daga ƙarshe mutanen wani babban dillali na Bolibiya suka cika gidansa, aka harbe shi ta baya, ya faɗa cikin ruwan da ya yi wa falonsa ado da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, mu fara da masu suka. Tun ba a fara ɗaukar fim ɗin ba mutanen Kuba mazauna Mayami suka tashi. Suka ce za a ɓata musu suna, a mai da su duka ɓarayi da masu kisan kai, alhali yawancin waɗanda suka ƙetaro talakawa ne masu neman halaliyarsu. Hayaniyar ta yi yawa har masu fim suka kwashe kayansu suka koma Los Anjalas, can aka yi mafi yawan aikin. Suka kuma rubuta a ƙarshen fim cewa abin da aka gani ba shi ne halin jama'ar Kuba ba.

Sai hukumar da ke duba finafinai ta Amurka. Sau uku ana kai mata fim ɗin, sau uku tana sa masa alamar da ke hana duk wanda bai kai shekara 17 ba shiga kallo. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yawan jini, musamman wani wuri inda aka yanka mutum da zarto mai inji cikin ɗakin wanka na wani otal. Sai da mai shirya fim ɗin, Birayan De Palma, ya ɗaukaka ƙara kafin aka sassauta, aka ce yaro na iya shiga in yana tare da babba. Da fim ya fito, marubutan jaridu da yawa suka yi masa kaca-kaca. Suka ce ya cika tsawo, ya cika ihu, ashar ɗin da ke ciki ya wuce sau 200. Har aka sa sunan De Palma cikin jerin waɗanda za a zaɓa don lambar ba'a ta wanda ya fi kowa ɓata aiki a shekarar.

Masu yabo kuma ba su yi shiru ba. Roja Ibat, sanannen mai sharhin silima na birnin Shikago, ya ba shi tauraro 4 cikin 4. Mai sharhi na jaridar New York Times shi ma ya yaba. Aka sa sunan Al Pacino cikin masu neman lambar Golden Globe. Hujjarsu ita ce: wanda zai nuna wa mutane muni, dole ya nuna shi da muninsa. In aka wanke jinin, aka gyara bakin ɓarawo ya zama na malami, an yi wa jama'a ƙarya. Sun ce a shekarun nan kashe-kashen ƴan hoda a Mayami sun fi abin da fim ya nuna. Wanda ya rubuta labarin, Oliba Siton, ya faɗa da bakinsa cewa shi ma hodar ta taɓa kama shi, kuma ya tafi Paris ya rubuta labarin lokacin da ya ke ƙoƙarin rabuwa da ita. Mai irin wannan tarihi, in ji su, ba talla ya ke yi mata ba.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. Fim ɗin 1983 maimaici ne na wani mai wannan suna da ya fito a 1932. Shi wancan an gina shi a kan Al Kapon, uban ɓata-garin Shikago a zamanin da aka hana sayar da giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933. Kapon yana da tabo a kumatu, daga nan sunan ya fito. Masu dubawa na lokacin suka tilasta aka ƙara wa sunan fim kalmomin da ke nufin abin kunyar ƙasa. Suka sa aka sake ɗaukar wani ƙarshe inda alƙali ya yanke wa ɓarawon hukunci aka rataye shi. Mutanen Italiya mazauna Amurka suka yi kuka irin wanda mutanen Kuba za su yi bayan shekara 50.

Wa ya fi gaskiya? Mu duba abin da ya biyo baya. Da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu, fim ɗin da aka yi wa ba'a ya zama abin ƙauna ga samari. Suka riƙa manna hoton Toni a ɗakunansu, suna sa shi a riguna. Wani mawaƙin birnin Hustan ya ɗauki sunan Scarface ya zama nasa. A Italiya, kusa da birnin Napoli, wani babba cikin ƙungiyar miyagu ta Kamora ya sa aka gina masa gida irin na Toni Montana sak. Gwamnati ta ƙwace gidan bayan an kai shi kaso. Wannan mutum ya ga ƙarshen fim kamar kowa. Ya ga gawa cikin ruwa. Amma gidan ya riƙe a ransa.

A nan ne mu ke ganin bakin zaren. Fim ɗin awa uku ne ba minti goma. Mutuwar Toni ba ta ci fiye da ƴan mintoci ba. Kafin a kai gare ta mai kallo ya daɗe yana ganin motoci, da riguna, da mutane na rawar jiki gaban wanda jiya ya ke wankin kwanoni. Magidanci mai iyali in ya kalla, uwar da ta ƙi kuɗin ɗanta ita ce za ta tsaya masa. Saurayin da ya gama aikin damina, ba sana'a, ba jari, yana shirin tafiya cin rani, abin da zai gani daban ne. Zai ga baƙo irinsa wanda ya sauka babban birni hannu wofi, ya ƙi yarda a raina shi. Ɓangarorin biyu duk abin da suka faɗa akwai shi cikin fim. Bambancin yana ga mai kallo da halin da ya ke ciki.

Mu a Nijar mun san wannan tun da daɗewa. A fim ɗin Jan Rush na 1958, Moi, un Noir, an nuna samarin ƙasarmu ƴan ci-rani a unguwar Tireshbil ta Abijan. Umaru Ganda, wanda daga baya ya ci babbar lambar FESPACO a 1972, shi ne babban ɗan wasan. Sunan da ya ke amsawa a ciki Edwad Robinson, sunan wani Ba'amurke da ya yi suna wajen fitowa a matsayin uban ɓarayi. Ɗan dako a bakin teku, amma sunan silima ne ke ɗebe masa kewa. A 1966 kuma Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka sake sunaye, suka hau dawaki, suka hana garinsu sakat da sata da duka, har suka juya wa junansu. Alasan bai ce a rufe gidan silima ba. Ya ɗauki kamara ya nuna wa samari yadda su ke in sun ari rigar da ba tasu ba.

Hanawa kuwa ba ta yi aiki a 1932 ba, ba ta yi a 1983 ba, balle yau da fim ke shiga aljihu. Kuma kada mu ce hodar ibilis zancen Mayami ne kawai. A watan Janairu na 2022 jami'an tsaro sun kama fiye da kilo 200 cikin mota guda a jihar Agadas. Masu wannan fatauci kullum suna neman yaran da za su aika.

Don haka, iyaye da malamai da shugabannin matasa, ga shawara. Ƙananan yara a hana su irin wannan fim, ba nasu ba ne. Samari kuwa, in kun tarar suna kallo, kada ku tsaya ga faɗa kawai. Ku zauna ku gani tare, in an gama ku tambaye su. Wa ya rage wa Toni ranar da ya mutu? Wa zai yi masa sutura? Sa'an nan ku ce su ƙirga samarin da suka faɗi a ƙofar gidansa da bindiga a hannu, waɗanda fim bai ko faɗi sunansu ba. Toni guda ɗaya ne, su kuwa da yawa. Ɗanmu in ya shiga wannan hanya, cikinsu za a same shi, ba a kan kujerar maigida ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.